Buhun Duwatsun Kawu

Bayan sallar isha'i saƙon ya shigo, ta wayar taubashina. Hotuna uku ne na wasu fararen duwatsu a kan tabarma, sai murya ta biyo baya, ta Kawu ce da kansa: "Ɗan nan, ka zo ka gani da idonka. Allah ya kawo abin arziki a gonar bayan gida. Kada ka faɗa ma kowa." Sau biyu na saurara. Kawu ba mai yawan kira ba ne, rabon da ya neme ni tun addu'ar arba'in ɗin mahaifiyata.

Ilimin duwatsu na karanta. Na ɗan taɓa aiki da masu neman mai a kudu, amma yanzu abincina a rijiyar burtsatse yake, ni ke nuna wa masu inji inda za su huda. A dangi kuwa Injiniya ake ce mini, kuma duk wanda ya tsinci abu mai ƙyalli, ko fasasshiyar kwalba ce, ƙofar gidana yake nufa. Saboda haka na san irin tafiyar da ke gabana. Na ɗauki guduma, da ɗan madubin ƙara girma, da kwalbar asid mai ɗigo, da wani tsohon gwangwanin madara da nake tara duwatsun koyarwa a ciki.

Asabar da hantsi na bar Katsina. Hunturu ne, hazo ya sauka har ba ka ganin mota sai ta matso. Daura kilomita 80 ce ko kusa da haka, hanya miƙaƙƙiya, gonaki an girbe sai kututturan gero, gawo kaɗai ke da ganye, shi da ba ya yarda ya yi abin da sauran itatuwa ke yi. A Mashi na tsaya shan shayi, ban yi minti goma ba aka tayar da zancen matatar mai. A 2018 ne Najeriya da Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar gina matata a jihar Katsina wadda za ta riƙa tace ɗanyen man Nijar, aka yi ta ambaton Mashi, kuma ga alama zancen bai bar teburin mai shayi ba har yau. Wani mai jar hula ya ce ai ba ma sai an jawo bututu ba, man Nijar gangarowa yake ta ƙarƙashin ƙasa, su suna tudu mu muna kwari, a haƙa kawai. Na kurɓi shayina ban ce uffan ba. Rijiyoyin man Nijar na Agadem can gabas suke wajen iyakar Chadi, bututun da ke kai man zuwa matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ya haura kilomita 400. Amma ba nisan ne ya tsaya mini a rai ba, kalmar gangarowa ce. Mutanenmu da yawa sun ɗauka mai kogi ne ko tafki a cikin ƙasa, kuma na san da wannan tunanin zan tarar da Kawu.

Ƙauyen nasu yana gaba da Daura kaɗan. Aka yi gaisuwa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, Inna ta aiko da fura a ƙwarya. Sai da na sha na ajiye ludayi, sannan Kawu ya sa aka saki labulen zaure, ya jawo buhu daga bayan ƙofa.

Ga yadda abin ya faru. Sun ƙara wa rijiyar gona zurfi bayan damina, sai aka fara fito da fararen duwatsu. Ba a jima ba ruwan ya soma warin fetur. Taubashina, wanda ke karatu a makarantar kimiyya da fasaha, ya ɗauki hoto ya bincika a intanet, aka nuno masa wani dutse mai suna dolomait, har da bayanin cewa manyan rijiyoyin man duniya a cikinsa suke. Farin dutse ga shi, warin mai ga shi. Wa zai ga laifinsu?

"Yaya, ka duba hoton mana," in ji shi. "Kamar an tsaga kara."

Na ce masa kama da wane ba ta wane, miƙo mini wuƙar da ke aljihunka.

Dutse na farko wuƙa ba ta kama shi ba, ta zame kawai. Na goga shi a jikin kwalbar lemo, ya bar zane. Na ce, "Kawu, wannan ai ku kun fi ni saninsa." Ya juya shi a hannu, ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ƙanƙara ce. Da ita muke ƙyasta wuta muna yara." Na biyu da farce ma ya marmashe, na ɗora a harshe ya manne, farar ƙasa ce irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta kudancin jihar. Na uku wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne masu kama da curin dawo. Na ɗiga musu asid, suka yi kumfa fuuu. Idon taubashina ya kawo haske. Na ce kada ka yi saurin murna, wannan allin da ke taruwa a cikin ƙasa ne a wuraren da ruwan sama ya yi ƙaranci, ruwa ya narko da shi, rana ta busar, ya dunƙule.

Daga nan na buɗe gwangwanina. Na fara fito da wani gutsure daga Kalambaina ta Sakkwato, dutsen da ake siminti da shi, har da sawun ƙwanson wani ɗan dodon koɗi na teku a jikinsa. Ɗigo ɗaya, ya tafasa kamar an girgiza lemo an buɗe. Sannan na fito da ɗan autan gwangwanin, wanda wani abokin aiki da ya zauna a Teksas ya ba ni. Launinsa na ƙasa-ƙasa, in ka kalle shi da madubi sai ka rantse mazarƙwaila ce, ƙwayoyi ƙanana masu kusurwa suna walƙiya, da 'yan ramuka a tsakaninsu. Na ɗiga asid. Shiru. Na kankare gefensa da wuƙa, garin ya taru, na sake ɗigawa, sai ga kumfa tana tasowa a hankali, kamar mai jin nauyin baki.

Na ce, "Wannan shi ne dolomait."

Wannan shirun nasa shi ya tona shi tun farko. Wani Bafaranshe, Deoda da Dolomiyo, yana yawo a tsaunukan da ke arewacin Italiya ta yau, ya lura da wani dutse da ya yi kama da dutsen siminti sak amma ya ƙi tafasa da asid. Ya rubuta bayaninsa a 1791, shekara guda bayan haka aka raɗa wa dutsen sunansa, daga baya ma tsaunukan gaba ɗaya suka ci sunan. Yau shekara fiye da 230 ke nan, kuma gwajin da na yi a zauren Kawu shi ne dai wanda ya yi.

Na roƙi Inna man gyaɗa a cokali. Na ɗiga a kan ƙanƙarar, ya gangare ya sauka a tabarma. Na ɗiga a kan mazarƙwailar, muna kallo ya yi duhu, ya nutse, ya ɓace. Kawu ya karɓa ya shinshina, ya juya ƙasan ko zai ga ya ɓullo. Na ce, "To haka mai yake zaune a ƙasa, Kawu. Babu kogi, babu tafki. A cikin irin waɗannan 'yan ramukan yake, yadda ruwa ke zama a soso."

"Wa ya huhhuda shi?" Tambayar da ya yi ke nan, kuma ita ce tambayar da ta dace.

Dolomait da dutsen siminti uwarsu ɗaya. Yawanci dukansu daga taɓon alli da ɓaraguzan ƙwanson halittu suke farawa, a gindin teku mai ɗumi marar zurfi. Wannan taɓon sinadarin kalsiyam ne ya fi yawa a cikinsa. In aka bar shi haka ya daskare, dutsen siminti ya samu. Amma wani lokaci sai ruwa mai yawan magnisiyam ya riƙa ratsa shi, shekara dubbai, wani wurin miliyoyi, yana zare rabin kalsiyam ɗin yana maye gurbinsa da magnisiyam. Shi kuwa magnisiyam ya fi ƙanƙanta. Na ce wa Kawu ya ɗauka katanga ce ta tubali, aka bi ana zare sahu ɗaya ana barin ɗaya, ana mayar da ƙananan tubala. Katangar tana nan tsaye yadda take, amma iska na ratsa ta. Idan musayar ta tafi ɗaya da ɗaya, naman dutsen yakan ragu da wajen kashi 13 cikin 100, wannan giɓin shi ne ramukan.

"Ashe gara ce," in ji Kawu. Ban taɓa jin malamin jami'a ya faɗe shi a taƙaice haka ba.

Sai dai garar ba kullum take aikin kirki ba. Idan ruwan ya ci gaba da kawo kaya bayan an gama musaya, ƙwayoyin sukan yi ta girma har su toshe ramukan da suka buɗe, a samu dolomait ɗin da ko ɗigo ba ya sha. Abin da ya fi ɗaga darajarsa a wurin masu haƙar mai wani hali ne daban, taurin kai. In aka binne dutsen siminti kilomita uku ko huɗu, nauyin da ke kansa yakan matse shi ramukansa su rufe. Dolomait yakan jure, ya riƙe nasa. In kuma ƙasa ta motsa, maimakon ya lanƙwashe sai ya tsattsage, tsagar nan kuwa hanya ce da mai zai bi ya iso rijiya.

Da na zo bayanin inda ruwan magnisiyam ke fitowa, sai Kawu ya karɓe zancen. Da ƙuruciyarsa ya yi fataucin kanwa, ya san tafkunan ƙasar Manga da ke ƙafewa da rani su bar farin ɓawo a sama. To haka gaɓar tekun Abu Dabi take, wani shimfiɗaɗɗen fili mai gishiri da Larabawa ke kira sabkha, kuma a irin wannan wurin ne masana suka ga dolomait yana haihuwa a zamaninmu, wajen shekarun 1960. Ruwan teku dama magnisiyam ɗinsa ya ninka kalsiyam kusan sau biyar in ƙwaya ake ƙirgawa. Ya malalo kan fili, rana ta ƙone shi, jifsam ya fara kwantawa, wannan da ake silin ado da shi, ya tafi da kalsiyam. Ruwan da ya saura ya yi kauri ya yi nauyi, magnisiyam ya yi masa yawa, sai ya nutse ƙasa ya ratsa taɓon allin da ke ƙarƙashi. Akwai kuma wata hanyar, inda ruwan zafi ke tasowa daga can ƙasa ta tsagar dutse ya yi wannan aikin. Filin man Albiyon-Sifiyo na jihar Mishigan a Amurka, wanda aka gano a 1957, haka ya samu, siririn zirin dolomait a tsakiyar dutsen siminti marar rami. Ka kauce kaɗan, ka haƙa busasshiyar rijiya.

Amma rami kaɗai ba ya kawo mai, kamar yadda randa ba ta kawo ruwa. Sai an samu abu uku. Da uwa, wato baƙin laka mai cike da gawar ƙananan halittun ruwa, wanda aka binne ya dahu a zafin da ya kama daga digiri 60 zuwa 120 a ma'aunin Salsiyos ko sama kaɗan. Da randa, dutse mai ramuka da man zai taru a ciki. Da murfi, wanda zai hana shi tserewa sama. Ghawar ta Saudiyya, wadda aka gano a 1948 aka fara ɗiba a 1951, ta haɗa duka ukun. Tsawonta wajen kilomita 280, ka je Daura daga Katsina sau uku ba ka ƙure ta ba. Randarta dutsen siminti ce gauraye da dolomait, kuma wasu siraran shimfiɗun dolomait ɗin su ne suka fi kowane sashe zubo da mai, har sukan zame wa injiniyoyi ciwon kai don ruwa ma ta nan yake rigan mai isowa. Murfin kuwa ɗan uwan jifsam ne, wanda irin waccan ƙafewar ta sabkha ta haifar. Rana ɗaya ce ta yi randar ta yi murfin. Babban filin iskar gas da Katar da Iran suke rabawa, shi ma akwai dolomait sosai a randarsa, haka manyan filayen yammacin Teksas inda gutsurena ya fito.

Taubashina ya ce, "To mu fa, Yaya?"

A nan na rage murya, don na ga fuskar Kawu. Man Neja Delta, tun daga Oloibiri a 1956, a dutsen yashi yake zaune, ba a dolomait ba. Na Agadem ma haka. Dolomait ɗin da muke da shi a Kogi da Kwara da Edo da kewayen Abuja, yawancinsa tsoho ne wanda zafi da matsi suka riga suka dafa ya koma mabul, dutsen nan mai sheƙi da ake ƙawata gini da shi, ramukansa sun rufe ruf. Yana da amfani, ana sa shi a narkar da ƙarfe, da gilashi, da fenti, da gyaran ƙasar gona mai tsami, amma ba ya ajiye mai. Teku kuwa ta taɓa shigowa arewa, gaskiya ne. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce tana kwance a ƙasar Sakkwato, ita ta bar dutsen Kalambaina, kafin nan ma ta bar ƙasusuwan wani dodon ruwa da masana suka laƙaba wa sunan Goronyo. Mu nan tudu muke a gefenta. Mafi yawan ƙasar Katsina a kan tsohon dutsen giranit da danginsa take, irin ƙattin duwatsun Dutsin-ma, wasunsu sun kai shekara miliyan 600, kuma daga narkakken dutse suka daskare. Abin da wuta ta narkar ba ya riƙe gawar halitta. A nan arewa yashi da tsakuwar tsofaffin koguna ne suka lulluɓe shi, lulluɓin kuma bai kai kaurin da zai dafa komi ba.

Kawu ya ce, "Warin fa? Ruwa ba ya tsami banza."

Wannan kam gaskiyarsa. Muka tafi gonar. Aka zura guga, ruwan ya fito garau, da wani ɗan maiƙo mai launin bakan gizo a sama, wari kuwa na fetur ne tsantsa, irin na galan ɗin 'yan bumburutu. Ɗanyen mai ba haka yake ba, mai duhu ne mai kauri, kuma ƙasa ba ta haihuwar tataccen fetur. Na ɗaga kai na dubi yadda filin ya kwanta. Daga tudu, taku kamar hamsin, akwai wani kango mai sabuwar ƙofar ƙarfe, ƙasar bakinsa ta yi baƙi. Ban tambayi na wane ne ba, su ma ba su faɗa ba. Iyaka dai ba nisa, kowa ya san abin da ake tarawa a irin wannan ɗakin. Na ce a daina sha, a daina ba dabbobi, a yashe rijiyar, a kuma yi magana da mai kangon ta hannun mai gari.

Tsohon da ya haƙa rijiyar yana nan zaune a gindin gawo, yana jin mu. Na gaishe shi na tambaye shi abin da ya ratsa. Ya lissafo mini da yatsu, gaba nawa na rairayi, gaba nawa na jar ƙasa, sai marmara wadda ta cinye masa bakin diga biyu, sai farar ƙasa, sai tsakuwa mai jiƙa. "Nan ruwa yake, a tsakanin tsakuwar. In ka wuce ka iske dutse mai ƙara, ka tattara kayanka." Na yi shekara huɗu a jami'a kafin na iya faɗar wannan, shi kuwa bai taɓa tunanin akwai kogi a ƙasa ba, don ya shiga ya gani.

Da la'asar taubashina ya raka ni cikin Daura, muka biya Kusugu. Rijiyar tana cikin gininta, aka ɗebo mana muka sha, mai kula da wurin ya maimaita labarin Bayajidda da macijiyar da ke hana ɗiba sai ranar Juma'a. Yaron dai hankalinsa na kan mazarƙwaila. Ya ce in abin musaya ce kawai, me zai hana a haɗa shi a ɗakin gwaji? Na yi dariya, don ya taka wutsiyar abin da ya hana masana barci kusan shekara 200. Tsofaffin duwatsun duniya cike suke da dolomait, tsauni guda, amma a yau da ƙyar ake ganin yana samuwa sai a 'yan wurare, sabkha, da tafkunan Kurong a kudancin Ostireliya, da wani tafki kusa da Riyo a Barazil inda ƙwayoyin halitta ke taimakawa. Wani masani a Jami'ar Teksas, Linton Land, ya haɗa ruwan da ya dace ya ajiye a zafin ɗaki, ya jira shekara 32. A 1998 ya rubuta sakamako, babu ko ƙwaya. Na daɗe ina ganin girman mutumin nan, ba kowa ke iya fitowa ya ce na yi shekara talatin ina gadin kwalba ban samu komi ba.

Matsalar ta tsari ce. Dolomait sai an jera shi sahu-sahu, na kalsiyam daban, na magnisiyam daban, su kuwa in sun zo zama kowa inda ya samu yake faɗawa, ginin ya karkace ya tsaya. A 2023 masu bincike daga Jami'ar Mishigan da ta Hokkaido a Japan suka nuna cewa in ana ɗan narkar da fuskar ƙwayar lokaci-lokaci, waɗanda suka zauna ba daidai ba su ke fara wankewa, sai sabon sahu ya hau daidai. Na nuna masa wata katangar ƙasa a gefen hanya, wadda damina ta zaftare wa yaɓe. Na ce ka ga, inda magini ya yi ha'inci nan ruwa ke fara ci, da rani a sake yaɓawa. Shi ya sa wuraren da ke jiƙewa su bushe, su sake jiƙewa, su ne ke haifar da shi. Ya ce zai canza fanni ya koma karatun duwatsu. Na ce ya bari ya gama wanda ya fara, kada Kawu ya ce ni na lalata shi.

Na koma yin sallama gab da magariba. Kawu ya riƙe gutsuren Teksas bai miƙo ba, ni ma ban tambaya ba. Ya rako ni har mota, ya sa yara suka saka mini ƙullin gero da kaji biyu daga Inna. Na buɗe but, sai na ga buhun duwatsun ya riga su shiga.

"Kawu, wannan fa?"

"Ka tafi da shi. In ka shiga Abuja ka ba manyanku su duba da na'ura. Ba wai ban yarda da kai ba ne, ɗan nan, amma kwalbar taka ƙarama ce."

Kajin mun ci ɗaya, ɗaya tana ƙwai. Buhun yana but har yanzu, duk ramin da na faɗa a hanyar Jibiya sai ya amsa.